Sha Biyar a Jikin Kwalba

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Litinin wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da baƙar leda. Ba ta zauna a bencin da masu kawo ƙara ke jira ba. Kai tsaye ta nufi kantar karɓar ƙara, ta ajiye ledar, ta ce wa kofur ɗin da ke rubutu, "Na zo a kama ni. Na kashe 'yata."

Kofur ya dube ta, ya dubi ledar, ya tashi ya kira Sufeto.

Shekara ashirin da bakwai Sufeto ya yi cikin kaki. Ya ga wanda aka kama da wuƙa a hannu yana rantsuwa aski ya zo yi, ya ga wanda ya yi kukan da har alƙali ya kusa taya shi. Irin waɗannan ba sa hana shi cin abinci. Wanda ke ɗaga masa hankali shi ne mai kawo kansa da ƙafarsa, domin tun a gida ya riga ya yanke wa kansa hukunci, kuma nasa hukuncin ya fi na kotu tsanani.

Ya shigar da ita ofishinsa, ya ja mata kujera. Saje, wata doguwar mata mai saurin baki da ta shekara shida tana aiki a ƙarƙashinsa, ta zauna gefe da littafi.

"Zauna, 'yata. Me ke cikin ledar?"

"Maganin ne."

Kwalbar maganin zazzaɓi ce ta yara, saura kaɗan a gindinta, da ɗan kofin awo a kife a kan murfin.

"Shekararta nawa?"

"Ɗaya da wata huɗu. Ɗigo muke ce mata. Babanta ne ya sa mata, don da aka haife ta ba ta cika tafin hannunsa biyu ba."

Ta ba da labarin babu kuka, muryarta a shimfiɗe kamar mai karanta takarda. Asabar waccan zazzaɓi ya kama yarinyar. Akwai maganin a gida, amma kwalin ya daɗe da ɓata, rubutun jikin kwalbar kuwa ƙanana ne, da harshen da ba ta iya ba. Sai ta tuna da safen ta ga wani kantin magani ya ɗora saƙo a shafinsa na intanet kan wannan maganin, har da hotonsa. Ta buɗe ta karanta: mil sha biyar, sau uku a rana. Kwana uku tana ɗura mata. Talata da safe yarinyar ta ƙi farkawa sosai, suka ruga asibiti. Likita ya ce hanta ce ta tafi. Da la'asar ta cika.

"Na ce wa likita haka shafin ya ce. Baban Ɗigo ya buɗe masa shafin a gabana. Biyar ne, ranka ya daɗe. Biyar. Na karanta ya fi sau ɗari." Ta turo masa wayarta. "Ƙanwar mijina ta ce a gaban mutane, wadda ba ta san biyar ba me ya kai ta haihuwa. Ni ban ga laifinta ba."

A fuskar wayar akwai hoton jaririya kwance cikin tafin hannu biyu na namiji. Sufeto ya kawar da idonsa daga kansa, ya karanta saƙon. Mil biyar, da kwanan watan Asabar, da alamar so fiye da ɗari uku.

Ya juya kwalbar a hannunsa. A farin gefen takardar an rubuta da shuɗin biro, sha biyar sau uku.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni. Ina kallon wayar ina rubutawa, don kar in manta."

Sufeto ya daɗe yana duban rubutun. Uwar da ta gaji tana iya manta lamba tsakanin ɗaki da kicin. Amma wadda ta ajiye waya a gabanta tana kwafa, daga ina za ta samo ɗaya ta ƙara?

Bai kai ga tambayar ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mijin ne, wani siririn mutum da bai wuce talatin da biyu ba, rigarsa a yamutse, idanunsa jajur, waya biyu a hannu. Yana shigowa ya durƙusa gefen kujerarta.

"Haba, Maman Ɗigo. Na zagaye unguwa ina nemanki. Me ya kawo ki nan?" Ya juyo ga Sufeto. "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba ta cikin hayyacinta. Kwana shida ba ta ci abin kirki ba. Ƙaddara ce ta faɗa mana. Ni na yafe mata, na faɗa mata a gaban kowa na yafe mata. A bar maganar nan haka."

"Wane aiki kake yi, malam?"

"Aikin ofis. Harkar talla."

"Ka san kantin maganin nan?"

"Ban san shi ba. Ko shafin ban taɓa gani ba sai a asibiti da ta ambace shi."

Sufeto ya ji tausayinsa, kuma daga baya ya ji haushin kansa da ya ji. Ya ce ba zai tsare ta ba, su tafi gida, amma kwalbar za ta zauna a nan. Matar ta dube shi kamar wadda aka hana wa abin da ta zo roƙo. Mijin ya kama hannunta suka fita.

Bayan azahar Saje ta shigo da wayarta da murmushin da Sufeto ya sani, wanda take yi in ta kama bakin zare.

"Yallaɓai, kai da wayarka mai maɓalli ba lallai ka gane ba, amma bari in yi maka dalla-dalla."

"Wayar tawa ba ta taɓa kashe kowa ba. Yi bayani."

Murmushin ya gudu daga fuskarta. Ta ce kantin yana da shafi a dandalin sada zumunta uku. Irin waɗannan shagunan ba sa bi ɗaya bayan ɗaya suna ɗorawa. Akwai manhaja da ake rubuta saƙo a cikinta sau ɗaya, a sa masa rana da lokaci, ita ta watsa shi ko'ina ko da mai shi yana barci. Da ita kuma ake gyara abin da ya riga ya fita, ko a goge shi.

"In an gyara, ana gani?"

"A dandalin da matar ta karanta, a'a. Rubutu ya canza, kwanan wata na nan, alamar so na nan, kamar haka aka haife shi. Amma duba na ukun."

Ya sa tabarau. Saƙo iri ɗaya ne, hoto iri ɗaya, mil biyar. Sai dai biyun farko sun ce Asabar ƙarfe tara na safe, shi kuwa na ukun ya ce Talata, goma da minti arba'in da biyu. Ƙarƙashinsa fayau, babu ko tsokaci ɗaya.

"Shi wannan dandalin ba ya yarda a taɓa rubutu bayan ya fita," in ji Saje. "In ka ce wa manhajar ta gyara, sai ta goge tsohon ta ɗora sabo. Wanda ya yi gyaran ko dai bai sani ba, ko sauri yake yi."

"Talata, goma da arba'in da biyu," Sufeto ya maimaita. "Lokacin yarinyar tana gadon asibiti."

Washegari da safe, da takardar izinin bincike daga kotu a aljihunsa, suka je kantin maganin. Mai kantin ƙaton mutum ne cikin farar riga da ta yi masa kaɗan, yana magana yana jera kwalaye don kar idonsa ya haɗu da na kowa.

"Ni da kaina nake rubuta kowane saƙo, ranka ya daɗe. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a. Biyar na rubuta, biyar ke nan. In mace ta kasa karatu, ni kuma ina ruwana?"

Saje ta miƙa masa waya. "Karanta min wannan tsokacin da ke ƙarƙashin saƙonka."

Ya karanta da ƙyar. "Gaskiyarki, ni ma na ga ya yi wa yaro yawa."

"Wa take ce wa gaskiyarki?"

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Babu kowa. Amsa ce a rataye, an goge wadda ake ba amsar.

"Kuma me ya yi wa yaro yawa?" in ji Sufeto. "Biyar ɗin?"

Mai kanti ya fara share zufa da hannun riga.

"Tunda kai kake rubutawa," Saje ta ce, "shiga shafin yanzu ka nuna mana inda kake ɗorawa."

Ya danna nan, ya danna can. Kalmar sirrin ma bai sani ba. Da ya ga ido ya raina fata, sai ya saki kwalayen ya zauna a kan kujerar roba. Wani ƙaramin kamfanin talla ne ke riƙe masa shafukan. Farkon kowane wata sukan turo masa saƙonni talatin ya duba, akwai maɓalli a ƙasa da ke amincewa da duka gaba ɗaya, shi yake dannawa yana sallamar masu saye.

"Wa ke da lokacin karanta talatin, ranka ya daɗe?"

Sufeto ya juya zai fita. Ya ce kar ya bar gari, ya karɓi kwatancen kamfanin.

Kamfanin ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu, saman wani shagon ɗinki. Tebur huɗu, fanka mai kuka, da ƙaton allo a bango cike da 'yan takardu masu launi, kowane launi shago ɗaya. Mata biyu na danna kwamfuta, tebur ɗaya babu kowa. Manaja, wata gajeriyar mata mai gilashi a goshi, ta tare su da fara'ar da ta wuce misali.

"Ba a taɓa saƙon nan ba tun da ya fita, Yallaɓai. Mu ba ma wasa da harkar magani."

"Me ya sa na dandali na uku ya ce Talata?"

"Matsalar sadarwa ce. Yakan faru."

"Manhajar ba ta ajiye tarihin abin da aka yi?"

"Irin tamu ba ta ajiyewa."

Sufeto ya ajiye takardar kotu a kan teburinta. Saje ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar. Ba tarihin ta nema ba, jerin saƙonnin da ke jiran fita ta buɗe, tana gangarawa rana bayan rana. A kan Asabar mai zuwa yatsanta ya tsaya.

"Yallaɓai, zo ka gani."

Hoton kwalbar ne. An saita saƙon ya riƙa maimaita kansa duk bayan mako biyu, kuma manhajar daga asalin rubutun take ɗauka, ba daga wanda ya fita ba. Mai gyaran ya gyara na waje, ya manta da na rumbu. Ga shi nan yana jiran ƙarfe tara na safiyar Asabar: mil sha biyar, sau uku a rana. A ƙasa da ƙananan haruffa manhajar ta nuna inda aka kwafo shi, wani tsohon saƙo na maganin tari na manya. An canza hoto, an canza suna, an bar layin awo yadda yake.

"Tsayar da shi," in ji Sufeto, muryarsa ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Yanzu, ina kallo. Sannan ki rubuta gargaɗi da manyan haruffa ki watsa ko'ina."

Manaja ta yi abin da aka ce. Da ta gama, ba wanda ya tambaye ta, da kanta ta buɗe tarihin da ta ce babu. Tun Laraba ta gani. Ta yi shiru ne don kar maganar ta fita shagunan su watse mata.

Layi biyu ne kawai. Talata, goma da arba'in da biyu, an gyara saƙo. Goma da arba'in da huɗu, an goge tsokaci uku. Duka daga wayar hannu, ba daga kwamfutar ofis ba.

"Mutum nawa suka ga saƙon kafin a gyara?"

"Dubu shida da wani abu," ta ce a hankali.

"Wa ya yi gyaran?"

"Da suna ɗaya dukkanmu muke shiga, ba ya nuna mutum."

"To wa ke riƙe da shafin kantin?"

Ta nuna teburin da babu kowa. "Ba ya nan. An yi masa rasuwa, 'yarsa ce, makon jiya. Ya ce zazzaɓi ne."

Sufeto ya taka zuwa teburin. Kofin shayi da ya bushe, cajar waya, 'yan takardu masu launi. A gefen kwamfutar an manna hoto da salatif, jaririya kwance cikin tafin hannu biyu.

 A shekarunsa na aiki ya sha jin daɗin lokacin da zare ya haɗu, har yakan yi wa Saje ba'a cewa tsoho ya riga ta. Yau babu daɗi ko na ɗigo. Ji ya yi da ma mai kanti ne, da ma Manaja ce, da ma kowa ne a duniya ban da wannan.

A mota ya kira likitan da ya duba yarinyar. Likita ya tuna komai. Wajen goma da rabi ya tambayi uwar nawa ta ba ta, ta ce sha biyar, yadda shafin ya ce. Mijin ya ce bari ya fita ya kira 'yan uwa. Bayan kamar kwata ya dawo, ta ce ya nuna wa likita shafin, ya nuna, biyar ne.

"Na rubuta a matsayin kuskuren uwa," in ji likita. "Sufeto, akwai wani abu. Ranar Juma'a an kawo min wani yaro, shekara biyu, ciwo iri ɗaya. Tun Asabar ɗin uwarsa ta kwafe awon a takarda, ba ta fara ba shi ba sai Laraba. Ita ma ta rantse sha biyar ta gani. Har faɗa na yi mata."

"Yana raye?"

"Yana numfashi. Ban san ko zai kai gobe ba."

Sufeto ya kashe wayar. Suka kama hanyar gidan matar.

Ɗaki biyu ne a bene na farko, ƙarshen wani dogon baranda mai igiyar shanya. Ƙarfe huɗu ta wuce. Matar na zaune a ƙasa ta jingina da kujera, an tattara kayan yarinyar a kwali ɗaya a lungu, takalmi ɗaya ya leƙo daga sama. Mijin ne ya buɗe ƙofa. Da ya ga fuskar Sufeto sai ya sha jinin jikinsa, amma ya yi ta maza ya ce su shigo.

Sufeto bai zauna a kujera ba. Ya tsugunna a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"'Yata, tambaya ɗaya zan yi miki. Kantin nan yana can wani ƙarshen gari, ba a can kuke sayen magani ba. Me ya sa kike bin shafinsa?"

"Baban Ɗigo ne ya ce in bi."

"Yaushe?"

"Tun bara. Yakan karɓi wayata ya sa ni bin shafuka, ya ce duk abin da suka ɗora in danna so, wai ana duba yawan masu so a wurin aikinsu. Har ƙararrawa ya saita min, in sun ɗora in ji. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba."

Ta faɗa ne kawai yadda ake faɗin abin da ba shi da wani amfani. Sai da ta ga Sufeto ya juya yana duban mijin, sannan ita ma ta juya.

"Jiya ka ce min ba ka taɓa ganin shafin ba sai a asibiti," in ji Sufeto.

"Shafuka ne da yawa, Yallaɓai, mutum ba zai..."

"Daga teburinka muke. Ba ni wayar aikin."

Bai miƙa ba, bai kuma hana ba. Saje ta zare ta daga hannunsa kamar ana karɓar abu daga hannun mai barci.

Sufeto ya fito da takardar saƙon da ya sa aka buga a kamfanin, ya ajiye a gaban matar, ya ajiye kwalbar kusa da ita. "Karanta, 'yata. Wannan shi ne asalin saƙon da ya fita ranar Asabar. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Sha biyar kika gani, sha biyar aka rubuta. Ranar Talata, kina tsaye a kan 'yarki, aka mayar da shi biyar."

Ta karanta da yatsa, harafi bayan harafi. Ta dubi biron da ke jikin kwalbar. Ta ɗago.

"Wa ya mayar?"

Mijin ya sulale jikin bango har ƙasa.

"Shago bakwai nake riƙewa," ya ce, ba ya duban kowa. "Kowanne saƙo talatin a wata. A yini ɗaya nake tsara su duka. Ba wanda ke rubuta sabo, kwafa ake yi a canza hoto. Na kwafa, na canza hoto, na wuce na gaba. Wallahi ban ma tuna na yi shi ba, sai da na ji ta ce wa likita sha biyar. Na fita baranda na buɗe. Na ga hannuna ne."

"Sai ka gyara."

"Na ce kar wani ya sake gani ya yi amfani da shi."

"Da don haka ne, da gargaɗi ka rubuta," in ji Sufeto. "Mutum dubu shida sun riga sun gani. Akwai yaro a asibiti yanzu haka da uwarsa ta fara ba shi ranar Laraba, kwana ɗaya bayan ka sani. Kuma mata uku sun yi gargaɗin da kai ba ka yi ba, ka goge su."

Nan ne kukan ya ƙwace masa.

"Tun Asabar suka rubuta. Ranar Lahadi na ga jar alama a manhajar, tsokaci uku na jira. Ɗigo na kan cinyata, jikinta zafi. Na ce yau hutu ne, sai Litinin. Litinin ta zo, wasu suka taru a kansu. Da na buɗe su a barandar asibiti, na kasa barinsu a duniya." Ya share hanci da hannu. "Da na koma ɗakin, sai ta ce nuna wa likita. Na miƙa wayar. Daga nan kuma kullum ina cewa gobe zan faɗa mata. Maman Ɗigo, wallahi kullum..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe tsaye a hankali tana dafa kujera.

"Da ka ce min kai ne, da mun yi kukan tare. Kai ka rubuta, ni na ɗura, da mun raba shi biyu mun ɗauka. Amma ka zauna kana kallona ina wanke idona da sabulu. Ka ji abin da ƙanwarka ta ce, ka yi shiru. Sannan ka dafa kaina a gaban mutane ka ce ka yafe min." Ta dube shi. "Har godiya na yi maka."



Sufeto ya faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi, sakacin da ya jawo asarar rai da ɓoye shaida, ya kuma faɗa masa haƙƙinsa. Mutumin ya miƙo hannuwansa biyu da kansa, tafin a buɗe, a haɗe. Saje ta sa ankwa ta fita da shi. Maƙwabta sun riga sun fito baranda, kowa ya sami abin shanyawa.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Ya zo da gaskiyar nan yana tsammanin zai sauke mata kaya, sai ya ga ƙari ya yi mata. Jiya tana da miji, ba ta da 'ya. Yau ba ta da ko ɗaya.

"Ba ke kika kashe ta ba, 'yata. Zan rubuta haka, kotu ma za ta ji."

"Rubuta," ta ce. "Amma Ɗigo tana kawar da kai daga maganin, ranka ya daɗe. A rana ta uku tana kawar da kai, ni ina riƙe haɓarta."

Sufeto ya tambaye ta. Akwai 'yar uwa da za a kira? Ta ce yayarta tana nesa, sai gobe. Ya ce Saje za ta dawo ta zauna da ita.

Ƙarfe biyar daidai wayarta ta yi ƙara a kan kujera. Saƙo ɗaya Manaja ta tsayar, sauran na watan suna nan a layi yadda ya tsara su, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Daga inda yake tsaye Sufeto ya ga hoton, wata uwa na dariya ta ɗaga jaririnta sama, da rubutu a ƙasa: Barkanku da yamma, iyaye. Lafiyar yaranku tana hannunku.

Matar ta ɗauki wayar. Shekara guda ke nan babban yatsanta ya san inda yake zuwa, kuma bai jira ta ba. Sai da alamar so ta koma ja ta ga abin da ta yi.

A ƙasa Saje ta danna ham ɗin mota sau ɗaya. Sufeto ya ja ƙofar a hankali, bai kai rabin baranda ba ya ji kukan da ta riƙe tun Litinin ya fashe.